Guntuwar Bindiga a Shagon Burl

Litinin, 13 ga Mayu, da hantsi

Treva 'yata ce ta aiko mini da wannan littafi daga Ohio. Ta ce, "Baba, ka rubuta sunayen mutanen maƙabartar tudu tun da sauran ƙarfinka, kai kaɗai ka san su." Na ce mata shekara hamsin ina ɗauke da su a kai, ko ɗaya bai taɓa zubewa ba. Ta ce in dai rubuta.

Kabari saba'in da uku ne a tudun nan. Goma sha tara kaɗai ke da rubutu. Sauran duwatsun rafi ne aka ɗauko aka kafa, ba suna ba shekara. Kakata ta koya mini su layi-layi, muna tafe tana nunawa da sanda. Ni ma na koya wa mutum ɗaya.

Aji uku na yi a makaranta na shiga ramin kwal, don haka wanda ya ga rubutun nan ya yi haƙuri. Hannun yana rubutu in na kwantar da shi a tebur. Ɗagawa ce ba ya yi. Faɗuwa na yi a matakalar baranda ranar huɗu ga Afrilu, kafaɗar dama ta karye. Haka na gaya wa likita, haka na gaya wa Treva, haka na rubuta a nan.

Ban rubuta suna ko ɗaya ba yau. Gobe.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan azahar

Kowace Laraba ina hawa tudu in yi shara, don Lahadin Furanni, ranar da ake sa wa kaburbura fure, ta kusa, tara ga Yuni. Da hannu ɗaya aikin ba ya sauri.

Na sauko na tarar an shiga gidan. Zarton injina ba ya nan. Ba a fasa komai ba, ƙofar nan tun da mahaifina ya kafa ta ba ta san makulli ba.

Taɓon takalmi ya tsaya a kan tabarmar bakin ƙofa, bai wuce ba. An ci rabin burodin masarar da na bari, an sha nono. An wanke tambulan, an kife shi a kan tsumma, gefen hagu na famfo.

Matata Delphia ce ta kafa wannan doka, Allah ya jiƙanta. A cire takalmi a ƙofa, wanda ya sha ya wanke ya kife.

Ban san ko waye ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Bayan coci Hobert Begley ya biyo ni gida. Tare muka yi shekara talatin a rami, shi ya sa yake ganin yana da ikon faɗa mini abin da ya ga dama. Ya zauna a baranda ya miƙe ƙafafu kamar shi ya gina ta.

Ya ce, "Verlin, an ce ɓarayi sun koyi wanke-wanke a gidanka."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Kai ka gaya wa mai wa'azi, shi ya gaya wa matarsa. Me ya rage?"

Na ce gahawarsa tana hucewa.

Ya ce, "Kai tsohon jaki, saurare ni. Ɗanka ne. Duk kwarin nan an sani. Tun da ramin ya danne masa baya aka ɗora shi a kan ƙwayoyin nan bai dawo daidai ba. Ba shi nake tsoro ba ma. Akwai wani mai koriyar a-kori-kura da ke kawo shi, ya tsaya a bakin hanya. Wannan ba kai ka haife shi ba."

Na rubuta ne don ya faɗa, ba don na yarda ba. Ya faɗi suna ma. Wannan ba zan rubuta ba.

Na ce ina da bindigar mahaifina. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Da wace kafaɗar? Kai da ko hula da ƙyar kake sawa?" Sai ya ba ni labarin wata guntuwa da ya gani a shagon Burl a gari. Wai ba ta da katakon gindi sam, ba a dafa ta a kafaɗa. A ƙugu ake riƙe ta. Wai don irinmu aka yi ta.

Da ya tafi na buɗe kabad, na tura rigunan Delphia gefe. Nan bindigar take tun shekarar da aka haifi Treva. Mutum huɗu ne suka san wurin a duniya. Ɗaya tana tudu, ɗaya tana Ohio.

Bindigar ba ta nan.

Laraba, 22 ga Mayu, da la'asar

Wani abu ya same ni a tudu, ban gaya wa kowa ba.

Ina bin layin da ke gindin itacen al'ul ina kiran su kamar kullum. Kaka Mahala. Mijinta Isom. Jaririnsu da ya kwana uku a duniya. Na zo dutse na huɗu, mai tsaga a gefe, sai shiru. Na koma farko na sake tahowa. Shiru. Na zagaya na taho ta ƙasa ko sunan zai faɗo mini ta can. Na cire hula na tsaya a kansa har rana ta juya. Na san mace ce. Iyakar abin da na sani ke nan.

Shekara hamsin.

Ba a shiga gidan ba yau.

Juma'a, 24 ga Mayu, da azahar

Hobert ya kai ni gari a motarsa. Na ce zan je ne kawai don ya rufe mini baki.

Shagon Burl rabi bindigogi ne, rabi kayan da mutane suka jinginar. Ina shiga na gan ta, bindigar mahaifina. Tana bango, ta uku daga sama, mai baki biyu, da wayar tagullar da mahaifina ya naɗe tsagar gindinta da ita. An rataya mata farar takardar farashi a wuya.

Burl ya ga inda nake kallo. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce, "Kawu Verlin, cewa ya yi kai ka aiko shi."

Na ce, "Ni na aiko shi."

Hobert ya yi tsaki ya juya baya.

Burl ya ɗauko guntuwar ya ɗora a kan gilashi. Baƙa ce, tsawonta bai fi daga gwiwar hannuna zuwa yatsu da ɗan ƙari ba. Inda katako ya kamata ya kasance, wani ɗan dunƙulen mariƙi ne kawai. Kamar karen da aka yanke wa wutsiya.

Ya ce, "Kawu, wannan ta cikin gida ce. Ba ta kama ƙofa, ba ta kama labule. Kana jin motsi, ka juya ta wajen, shi ke nan. Harsashin watsuwa yake."

Na ce, "Zomo fa?"

Ya ce, "Haba Kawu, wannan ba ta zomo ba ce."

Ba nauyi. Wannan ne ya fi ba ni haushi, na so a ce ta yi nauyi. Ya ce zai ajiye mini ita mako biyu, in na so in zo in gwada a bayan shago.

Asabar, 25 ga Mayu, da safe

Ba zan saya ba.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Treva ta kira. Hobert ya riga ya kai mata komai, tsohon munafuki.

Ta ce in tattara in koma wurinta, ta gyara mini ɗaki. Na ce wa zai share tudu? Ta ce matattu ba sa gaggawa. Na ce ta iya bakinta, uwarta tana cikinsu.

Ta ce to a kira 'yan sanda. Na ce a kan wa?

Sai ta ce, "Baba, matakala uku ce. Shekara arba'in kana hawanta, ko a kan ƙanƙara ba ka taɓa zamewa ba."

Na ce faɗuwa na yi.

"Likita ya ce akwai shatin yatsu a damtsenka."

Na ce likita yaro ne.

Ta ce ta sa Hobert ya kafa kwaɗo a ƙofa gobe, kada in hana shi. Sai na tambaye ta zancen guntuwar, ina jiran ta yi mini faɗa. Ita ce ta goya ƙanenta tana da shekara bakwai, ita ta raka shi makaranta ranar farko. Na ji tana jan numfashi. Ta ce, "In dai ba za ka taho ba, ka saya, Baba."

Daga nan kuka ne, ban gane sauran ba.

Laraba, 29 ga Mayu, da la'asar

Na kulle ƙofa na hau tudu. Karo na farko a rayuwata da na sa makullin gidana a aljihu. Yana ta sukar cinyata.

Sunan dutse na huɗun bai dawo mini ba.

Na sauko. An fasa tagar ɗakin girki. Akwai jini a jikin katakon, ba kaɗan ba. Taɓo har ɗakin kwana, sawun takalma iri biyu, ɗaya babba mai ƙusoshi. An zazzage durowa, an juye katifa. Keken ɗinkin Delphia ba ya nan, sai sawun ƙafafunsa huɗu a ƙasa inda ya yi shekara arba'in a tsaye.

Ba a taɓa burodi ba. Tambulan yana inda na bar shi.

Na zauna a gefen gado. Rami ya taɓa rufta mana, mun yi awa goma sha ɗaya a duhu ni da Hobert, ban ji irin wannan tsoro ba. Da na sauko da wuri da rabin awa fa?

Kwaɗon nan ne ya yanke masa hannu.

Alhamis, 30 ga Mayu, da safe

Zan saya.

Asabar, 1 ga Yuni, da hantsi

Ruwa tun asuba. Na toshe tagar da kwali.

Ina da shekara goma mahaifina ya ɗora mini mai baki biyun nan a kafaɗa. Bai koya mini komai ba sai abu ɗaya. Ya ce ka kwantar da kuncinka a katako, ka ɗora ido a kan bakin, ka faɗi sunan abin da ka gani da bakinka. Kurege. Zomo. Barewa. In ba ka iya faɗin sunan ba, sauke. Ya ce a kwarin nan an binne mutum biyu da 'yan'uwansu suka ɗauka barewa ne. Suna tudu. Na san duwatsunsu, waɗannan ban manta ba.

Haka na koya wa nawa ɗan. Ranar farko ya ɗora ido ya daɗe, sai ya ce, "Baba, uwa ce, ga 'ya'yanta can." Ya sauke. Muka dawo hannu wofi, Delphia ta dafa wake. Ban taɓa cin waken da ya yi mini daɗi kamar na ran nan ba.

Shi ne kuma yake bina tudu. Treva tsoron wurin take. Shi kuwa yana tsalle daga dutse zuwa dutse yana rera sunayen kamar waƙa, uwarsa tana cewa ya daina taka mutane.

Lahadi, 2 ga Yuni, da yamma

Ban je coci ba. Na ce kafaɗa ce.

Talata, 4 ga Yuni, bayan azahar

Mun je wurin Burl ni da Hobert. Bayan shagon akwai tudun ƙasa, Burl ya kafa kwali mai siffar mutum. Kai, kafaɗu, ƙirji. Ba fuska.

Ya nuna mini yadda ake riƙewa, dama a ƙugu, hagu a gaba. Na ɗaga ta zan kai fuska, jiki ya saba. Ya yi wuf ya danne ta. Ya ce, "A'a Kawu! In ka kai ta nan haƙoranka za ta zubar."

Hobert ya ce, "Guda nawa suka rage masa?"

Na ce, "To ina ake ɗora ido?"

Burl ya ce, "Ba a ɗorawa. Shi ne daɗinta. Ba sai ka gani ba."

Na ja kunamar bindigar. Ta harbe ni a ƙugu kamar alfadari, amma kafaɗar ko motsi. Da hayaƙi ya wuce, ƙirjin kwalin ya zama rariya, hannu ɗaya yana reto. Hobert ya buga cinya, Burl ya ce, "Ka gani! Karo ɗaya!"

Ban gani ba. Abin da na tsaya ina tunani ke nan. Idona yana kan takalmana lokacin da na ja. Ban ga komai ba, ban faɗi komai ba, kuma na samu.

Kwalin ya fi ni tsawo da kamar tafin hannu. Na san wannan tsawon. Yana jikin ƙofar ɗakin girki, Delphia ta zana da fensir.

Na miƙa wa Burl. Na ce ya mayar da ita bango.

Hobert ya ja mota har muka wuce gada. Can ya ce, "Ni zan haƙa kabarinka, ka sani ko? Da wannan bayan nawa." Na ce ya haƙa da zurfi, kada in ji surutunsa. Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Na cire kwaɗon da hagu. Ya ɗauke ni awa guda, ƙusa huɗu.

Laraba, 5 ga Yuni, da la'asar

Ban hau tudu ba. Na gasa burodi, na zauna a baranda.

Wajen sha ɗaya koriyar motar ta tsaya a bakin hanya. Mutum ɗaya ya sauko. Ya taho kansa a ƙasa har ya kai shinge, sannan ya gan ni. Ya tsaya. Ya rame har wandonsa da igiya ya ɗaure. Hannunsa na dama naɗe da tsumma.

A kwarin nan ba a ƙetare shingen mutum sai an yi sallama. Mun daɗe muna kallon juna.

Ya ce, "Masu gida." A hankali, da ƙyar na ji.

Na ce, "Ƙaraso."

Ya cire takalma a tabarma. Safarsa ta huje. Na marmasa masa burodi a nono, ya ci a tsaye, na ce ya zauna, ya zauna. Na can waje ya danna oda sau biyu.

Na ce, "Dutse na huɗu daga itace. Mai tsaga."

Ya ɗago. Ya ce, "Orlena ce mana, Baba."

Na ce wace Orlena?

"Orlena Sizemore, mai wankau, wadda ta zo daga bayan dutse. Ambaliya ta tafi da ita. Ba ta da kowa, shi ya sa ake fara sa mata fure kafin kowa. Kai ka gaya mini." Ya tsaya yana kallona. "Ka manta?"

Na ce gwada shi nake.

Ya yi ɗan murmushi, irin na uwarsa, gefe ɗaya. Sai idonsa ya sauka a kafaɗata. Ya ce, "Ya hannun?"

Na ce da sauƙi, faɗuwa ce kawai.

Ya ce, "Ba faɗuwa ka yi ba, Baba."

Na tura masa sauran burodin.

"Burl ya ce ka je ganin guntuwar. Ka saya?"

Na ce a'a.

Ya kife fuska a tafin hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Da ka saya. Ba kullum nake zuwa a haka ba. Wani lokacin ban san wa nake gani ba."

Na ce ni na san wanda nake gani.

Oda kuma, doguwa. Ya tashi ya wanke tambulan da hannu ɗaya, ya kife a kan tsumma. Maganin ciwon kafaɗata yana kan teburin girki, kusa da gishiri. Ya ɗauka a gabana ya sa a aljihu. Bai ɓoye ba, ban hana ba. Yana sa takalma ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In abin ya zo, kada a binne ni bakin wayar shinge can ƙarshen tudu. Ka sa ni wajen ƙafar Mama."

Na ce ni zan riga shi.

Ya ce, "To."

Juma'a, 7 ga Yuni, da safe

Kafaɗa tana ci kamar wuta. Orlena Sizemore. Orlena Sizemore.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

An yi Lahadin Furanni. Mutum kusan sittin, daga Ohio, daga Indiana, har da jikokin da ban sani ba. An shimfiɗa katakai an jera abinci, kaji da wake da burodi, aka yi waƙa a ƙarƙashin itace. Hobert ya zo da shebur ya tada kaburburan da suka lotsa, yana yi yana zagina ƙasa-ƙasa.

Na bi layi ina kira, Treva tana bina da littafin nan tana rubutawa a shafukan baya. Saba'in da uku, ba wanda ya faɗi. Furen farko na Orlena ne. Treva ta ce, "Baba, kanka dai ƙarfe ne." Na ce wannan ɗayar ba daga kaina ta fito ba. Ta dube ni, ba ta tambaya ba. Ta ga ƙofa ba kwaɗo, wannan ma ba ta tambaya ba.

Duk motar da ta wuce a ƙasa sai na waiga. Bai zo ba.

Da aka watse na ce su yi gaba. Na auna da ƙafa daga ƙafar Delphia zuwa ƙasa, taku bakwai, akwai wuri. Na gangara rafi na ɗauko dutse da hagu, na huta sau uku kafin in kawo shi. Ban kafa shi a tsaye ba. A tudun nan dutsen da ke tsaye yana da mai shi a ƙasa. Kwantar da shi na yi.

Treva ta bar layi ɗaya a ƙarshen shafi. Na cike da hannuna.

Wajen ƙafar Delphia, wurin Randall Caudill, ɗana. Ba kowa a ciki.

Laraba ina gida. Zan gasa burodi.